Kitson Zare a Aljihun Malam

Autata tana aiki a wani shagon buga katin biki a Sakkwato. Kwanaki na kai mata ziyara, ina zaune a gefe ina jiran ta tashi, sai ga wata mata ta shigo. Katin auren 'yarta take so, kuma da irin launukan da aka yi wa na yayar yarinyar bara, ba ƙari ba ragi. Autata ba ta yi mata doguwar tambaya ba. Ta buɗe wani ɗan fayil a kwamfuta, sai ga launuka a jere kamar ƙyallayen da aka yanka aka shimfiɗa, babu hoto, babu zane, sai sunan kowane launi a ƙarƙashinsa. Ta ce min haka suke adana su, kuma in wani shago ya nema sai ta tura masa, launin ya fito can yadda yake a nan. Na yi dariya har matar ta waiwayo. Na ce wa autata babanta ya yi shekaru yana yawo da irin wannan abu a aljihu, a kan keke. Ba ta san labarin ba, don lokacin ba a haife ta ba.

A Lambara aka haife ni, a ƙasar Shagari, kuma a hannun Innata na koyi ɗinkin hula tun ban iya ɗaura zane da kyau ba. An kai ni gidan miji a Danchadi a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karon farko. Mijina manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da tumatir a fadama da rani. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya gaggawar komai. A hanyar kai albasa kasuwar Shagari ya fara ganina, ya yi ta zuwa zance har aka san kekensa a unguwarmu. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa.

Na shiga ɗaki a lokacin da hula ke da kasuwa. Siyasa ta buɗe, kowa yana son a gan shi da babbar riga da doguwar hula, kuma kowace jam'iyya da launukanta. Dillalan hula suna bi gida-gida suna neman mata masu hannu. Ni kuwa ina da hannu, abin da ba ni da shi shi ne ƙafar zuwa kasuwa, don amarya ba ta zuwa. Zare sai a Bodinga, wurin wani dattijo mai sayar da zare da allura da maɓallai. Malam ne ke zuwa duk ranar kasuwa, don haka shi na aika.

Na ce ya sayo min kore. Ya dawo da ruwan ƙasa. Na ce a raina ƙila bai ji da kyau ba. Kasuwa ta zagayo na ce ya sayo ja, ja sosai irin na tattasai. Ya dawo da wani kore mai duhu, yana ta fara'a, har da tsarabar rake. A karo na gaba na maimaita masa har bakin zaure, ya dawo da abin da ban san sunansa ba, tsakanin ruwan toka da ruwan hoda. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka. A raina na gama yanke hukunci: ko dai tsohon nan yana tura masa zaren da ya kwanta, ko kuma Malam yana zama wurin masu gardamar siyasa ne har sai an fara tashi, ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Na ce ashe sana'ata ba ta dame shi ba.

Washegari da hantsi ya dawo daga fadama zai ci abinci. Ina zaune a tabarma da faifan zare a gabana, hannuna riƙe da hula. Ban shirya komai ba, aiki ne kawai ya kama hannuna biyu, na ce, "Malam, miƙo mani jan nan."

Ja da kore suna kwance kusa da juna a kan faifan. Ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ya ɗan karkata wajen koren, ya ɗago ido ya dubi fuskata. Ya koma wajen jan, ya sake dubana. Ba zaren yake kallo ba, ni yake kallo, yana jiran fuskata ta gaya masa. Na ajiye allura.

Na ce, "Malam, ba ka ganinsu?"

Ya janye hannunsa ya sa a gwiwa. Sannan ya ce, "Ina ganinsu. Amma ni, tun ina yaro, ja da kore duk ɗai nika ganinsu. Wani dai ya ɗan hi wani duhu."

"To mi as sa ba ka hwaɗa mani ba?"

"Kinka zo da murnakki da allurakki. Sai in ce maki kin auri wanda bai san ja ba?"

Dariya ta taho min tare da hawaye, na danne duka biyun. Na tambaye shi yadda yake gane tumatir ya nuna. Ya ce taɓawa yake yi, nunanne ya fi laushi kuma yana ƙyalli. Ya ce yana yaro an sha dukansa a kan tsinko ɗanye, har ya koyi tsayawa a bayan yayansa ya ga wanda zai tsinka. Ya daɗe yana zaton kowa ma canka kawai yake yi, wasu dai sun fi shi sa'a. A rumfar mai zare kuwa, da an ce masa ga su nan zaɓi, kunya ba ta barinsa ya ce a zaɓa masa. Ya ƙare da cewa, "Don Allah kak ki hwaɗa ma kowa." Na ce ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba sai da shi da kansa ya mai da abin hira, bayan furfura ta cika masa gemu.

A ranar na zauna na yi abin da muka riƙa kira kitso. Na murɗa farin zare ya yi kauri kamar igiyar wando, sannan na yanko guntu daga kowane launi da nake da shi, na ninka, na kitsa shi a jikin igiyar, bakinsa yana reto. Launin da ba ni da zarensa na zare shi daga gefen kallabi ko tsohon zanen da Inna ta ba ni. Na jera su yadda nake jera su a raina: ja, ruwan hanta, ruwan goro, ruwan ɗorawa, tsanwa, algashi, shuɗi, ruwan bula, shunayya, har zuwa baƙi. Duk launin da nake so a sayo sai in ƙulla bakinsa. Malam ba ya bukatar sanin sunan komai. Ya miƙa kitson, ya nuna masu ƙulli, a ɗora zare a gefensu har sai an sami wanda ya yi daidai.

Da ya dawo daga kasuwar farko ya zube min zaren a cinya, ya tsaya yana jira. Na ɗaga kowanne na gwada. Duka sun dace. Na ce, "Sannu da hanya, Malam." Ya juya ya tafi wajen randa yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

Shi ya ba ni labarin yadda aka yi da dattijon mai zare. Tsohon ya karɓi kitson, ya juya shi, ya dubi Malam ta saman tabarau, ya ce, "Wa yay yi wanga?" Malam ya ce iyalinsa. Tsohon ya ce, "Allah shi yi mata albarka." Daga ranar duk zaren da zai sa a takarda sai ya faɗi sunansa da ƙarfi kamar mai magana da kansa: "Ga jan nan. Ga algashi." Malam ya ce ya san tsohon ya gane, kuma tsohon ya san ya sani, suka bar shi a haka har ƙarshen zamansu.

Ba a daɗe ba matan unguwa suka lura. Ana haɗuwa gidan suna ko biki, kowace da hularta a hannu, sai a ga nawa launin bai taɓa saɓawa ba daga gindin hula har samanta. Su kuwa mazansu, da idonsu lafiya lau, in an aike su sai su duba sau ɗaya su ce ai wannan ma kusan shi ne. Malam ba shi da kusan. Tun da ba ya iya yanke hukunci da kansa, sai ya sa a fito da zaren cikin rana, a ɗora a kan kitso, in tsohon ya yi ɗan jinkiri ya ce a sake dubawa. Wata rana har mai fura ya tsayar ta ba da shaida. Matan suka zo na koya musu kitso, kowace ta yi nata ta sa masa alama, wata ƙwayar wuri, wata maɓalli, wata ɗan dutsen ado. Ranar kasuwa sai a yi ta sallama a ƙofar gidanmu ana kawo saƙo. Haka mutumin da bai san ja da kore ba ya zama shi ke sayo wa unguwa guda launi. Ina jin mata suna cewa, "Ai Malam ido gare shi," sai in sunkuyar da kai in ce haka ne.

Sau ɗaya kitson ya ba mu kunya. Ana dab da zaɓe na biyu, wani dillali ya kawo min aikin hulunan 'yan rakiyar wani ɗan takara, duka iri ɗaya, kore da fari. Na gama rabi zare ya ƙare, Malam ya ƙaro, na ci gaba. Da dillalin ya zo ya jera su a tabarma, sai ga na farko kore shar, na baya kuwa kamar ganyen da ya kwana biyu da tsinkewa. Ya ce ba za a tsaya layi ɗaya da waɗannan ba. Na karɓi kitson daga hannun Malam na gwada da ragowar zaren farko, na ga koren jikinsa ya koɗe. Ashe tun da saƙonni suka yi yawa, a ƙahon keke yake rataye kitson kowa har da nawa, rana tana dukansu daga Danchadi har Bodinga. Tsohon ya daidaita zare da abin da aka nuna masa, ba laifinsa. Ni kuma da fitila nake yawan kallon zaren, ban kula ba. Na warware rabin aikin na sake. Malam ya zauna kusa da ni yana naɗe zaren da nake warwarewa, bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce masa rana ce ta yi, ba shi ba. Ya ce, "Da wani na, da ya gani."

Daga nan na yi kitso biyu. Ɗaya uwa, tana zaune cikin kwalla a rufe, ba ta ganin haske. Ɗaya 'ya, ita ke zuwa kasuwa, kuma lokaci-lokaci in gwada ta da uwar in sauya abin da ya koɗe. Malam ya je wurin baduku aka ɗinka masa 'yar jakar fata mai murfi, yana sa ta a aljihun gaba. Abokansa suka ɗauka laya ce. Da albasarsa ta yi kyau a shekarar, har wani ya biyo shi gefe yana roƙon ya gaya masa malamin da ya ba shi.

Sai abubuwa suka fara tsuke. Sabulu ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, sukari sai mai hanya. Sojoji suka dawo, 'yan siyasar da ke sayen hula wasu aka tsare su, wasu suka shige gida suka rufe ƙofa. Aka rufe iyaka, ga damina ta zo ba ruwan kirki, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Zaren da muke ɗinki da shi daga waje yake zuwa, sai ya riƙa ɓacewa launi bayan launi. Shunayya ta fara tafiya, sannan ruwan goro, sannan ja. Malam ya kai kitson Shagari, ya kai Sakkwato, ya dawo da ƙafa a kumbure da ƙulle-ƙullen yadda na ƙulla su. Wata ranar kasuwa dattijon ya riƙe kitson ya shafa shi, ya mayar masa, ya ce, "Ka ce ma ɗiyata ta yi haƙuri. Hwari kaɗai ar rage." Bayan 'yan watanni ya tashi daga zare ya koma sayar da gishiri da kanwa.

A lokacin kuwa hular ce ke sa mana cefane, don rumbu ya yi ƙasa kuma muna da yara biyu. Ko ba 'yan siyasa, ango zai sa hula, mai zuwa Idi ma zai sa. Na je Lambara ganin gida, na zauna ina yi wa Inna ƙorafi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mu da munka tashi, wa ak kawo muna zare daga waje? Hwarin dai akwai shi?" Na ce akwai. Ta ce in kawo.

Na yi kwanaki a wurinta muna rini a tukwanen da ta daina girki da su. Ta nuna min yadda ake fara jiƙa zare a ruwan bagaruwa don ya kama. Ja daga karan dafi, irin dawar nan da ba a shuka ta don ci sai don jan da ke jikin karanta. Ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya, wadda muka haƙo a bayan gari. Shuɗi sai a marina, muka aika da farin zare aka tsoma mana a ruwan baba, wato shuni. Shuɗin nan in an sake tsoma shi a rawaya sai ya ba da kore. Ba su kai na kanti haske ba, kuma tukunya ɗaya ba ta ba da abin da ta bayar jiya. Na farkon da na yi ni kaɗai bayan na koma gida, na yi gaggawa na tsallake bagaruwa. Wani maƙwabcinmu ya sayi hular, ya yi gumi a ɗaurin aure, ya dawo da jan layi a goshi kamar an yi masa sarauta. Mutumin kirki ne, ya zo yana dariya ya ce a sauya masa.

Na cire tsofaffin launuka daga kitson na adana, na kitsa sababbi, kowanne daga tukunyar da ta fi yin kyau. Yanzu kitson ba kasuwa yake zuwa ba, a bakin murhu yake aiki, ina ɗaga jiƙaƙƙen zare in jira ya sha iska in gwada. Malam ya samo irin karan dafi ya shuka a gefen fadama inda akwai danshi. Shi ke ba shi ruwa, shi ke korar awaki, amma in lokaci ya yi sai ya karyo kara ya kawo min har ɗaki ya ce, "Duba mani, ya yi?" In ce da saura. Ya koma. Da wannan muka rufa wa kanmu asiri har ruwa ya dawo.

A cikin kwanakin rinin nan ne, ina shanya zare a igiya a gidanmu, na ga Malam ya tsaya a tsakar gida yana kallo, fartanya a kafaɗa. Ya wuce ja, ya wuce kore, ya tsaya a inda shuɗi da ruwan ɗorawa suke gefe da gefe. Ya ce, "Waɗanga biyu suna da kyau." Sai na ji kunya ta kama ni. Shekaru yana ɗauko wa mutane launi, ban taɓa tambayarsa wanne yake gani ba. Na tambaye shi. Ya ce shuɗi yana ganinsa sarai, kamar sama bayan an ɗauke ruwa, ruwan ɗorawa ma haka. Sauran duk 'yan uwan ƙasa ne a wurinsa.

Na ɗinka masa hula da waɗannan biyu kaɗai, shuɗi mai duhu da ruwan ɗorawa mai haske, ban sa ko ɗigon wani abu ba. A idona ta cika ɗaukar ido, ba irin wadda magidanci ke sawa ba ce. Na ba shi ranar wata Juma'a da safe. Ya fita da ita tsakar gida, ya juya ta a rana, ya bi zanen da yatsa tun daga gindi har sama. Ya ce duk hulunan da na yi yana jin ana yabo yana amsawa, amma yau ya ga aikina. Da aka sauko daga masallaci abokansa suka sa shi gaba, wani ya ce ga tsuntsun fadama ya shigo gari, wani ya ce a ba shi hanya kada ya tashi. Malam ya dafa hularsa ya ce, "Ku dai ku ji da naku." Ya sa ta har ta yi laushi, na yi mata ƙari a baki, ya ci gaba da sawa.

Daga baya zaren kanti ya dawo, da tsada, kuma ba daga inda yake zuwa da ba. Yawancin matan unguwa suka koma gare shi, ni ma na koma, sai dai shuɗi ban daina aikawa marina ba. Na ci gaba da ɗinki har yara suka girma, har idona ya fara gajiya. Launi ina ganinsa, kafar allura ce ta gagare ni, in yi ta lalube zare yana kaucewa. Malam kuwa har tsufansa yana hango ƙaya a tafin ƙafar jika. Sai muka raba aikin. Da safe kafin ya tafi fadama in jera masa zaren da zan yi aiki da shi, ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya zura kowanne a allurarsa, ya soke su a jikin matashi yadda na jera. In sun ƙare kafin ya dawo, sai in ajiye hular in tashi in ɗora tukunya. Haka muka yi har shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah Ya jiƙansa.